Gwiwa Ɗaya a Jar Ƙasa

Ranar Lahadi ce cikin damina, Desmond Morita ya dawo daga coci da matarsa Loretta. Ko takalmi bai tuɓe ba ya zaro mabuɗi daga bayan hoton mahaifinsa, ya buɗe kabad ɗin nan nasa mai tsotse laima. Sai aka ji ihu har bakin titi. Baƙar kyamara ba ta nan.

Kada wani ya ce mini ai kyamara ce kawai. Shiranami ce, ƙirar Japan ta bayan yaƙin duniya na biyu, irin mai 'yar tagar leƙe a gefe, wadda ke nuna maka mutum biyu-biyu, sai ka murza idonta sun haɗe sun zama ɗaya kafin ka danna. Farare irinta suna nan a duniya. Baƙa kuwa mai fentin asali, masana sun ce a yatsu ake ƙirga su. Tsoho Morita, mahaifin Desmond, ɗan Japan mai nutson kawar lu'ulu'u, shi ya zo da ita garinmu Broome na bakin teku, ya yi ta ɗaukar jirage da bukukuwa da jana'iza har fentin gefenta ya goge, tagulla ta fito. Da ya rasu ta faɗa hannun babban ɗa, yadda al'adar gidansu ta ce. Desmond kuwa bai taɓa sa mata fim ba. Kulle ta yake yi, ya nuna wa baƙi, ya faɗi kuɗinta. A makon nan ma wani dillali ya taso tun daga Perth zai saye ta.

Kafin 'yar sanda Saja Maddern ta iso, rabin unguwa ya cika tsakar gidan, an tattake kowane sawu. Yarinya ce, amma tana da ido. Ta tsaya gaban kabad tana kallon sauran kyamarorin a jere, babu wadda aka taɓa.

"Ka ce a kulle ka same shi?"

"A kulle! Mabuɗin ma an mayar da shi inda yake."

"Ikon Allah. Ɓarawon da ke rufe kabad in ya gama?"

Wilfred Chin, mai kantin kayan abinci da ke gyaran kyamara a bayan kantin, shi ya amsa daga bakin ƙofa. "Ai dole ya rufe. Da ya bar shi a buɗe cikin wannan laimar, kafin mako fumfuna ta cinye idon sauran. Wannan ba ɓarawon titi ba ne, Saja. Namu ne. Wanda ya san ciwon kyamara ne."

 Sannan kawuna suka juya, ɗaya bayan ɗaya, zuwa gindin mangwaro, inda Ambrose Bin Karim ke tsaye dogare da sandarsa.

Ambrose yayan Loretta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bin sawu ne aikinsa tun yana saurayi: shanun da suka ɓace a daji, baƙon da ya bar motarsa ya bi ƙishirwa, fursunan da ya tsere, duk shi 'yan sanda ke kira. Bai daina ba sai da wani bijimin sa ya farfasa masa gwiwar hagu, likitoci suka sa mata ƙarfe, ta daina lanƙwasuwa. Kuma kowa ya san shi ne yaron Tsoho Morita a harkar hoto. Shi ke ɗaukar masa jaka, shi ke wanke masa fim. Ya tara nasa tarin kyamarorin Japan, sun cika masa ɗaki, amma da zai yiwu da ya ba da su duka a kan baƙar nan guda. Tsohon bai taɓa barinsa ya taɓa ta ba, ko da ɗan yatsa. Ambrose ya ɗauka ajiye masa ake yi. Da aka raba gado ta wuce shi, abin ya tsaya masa a rai, bai faɗa ba, bai fito ba, har ya yi furfura da shi.

To, baki shi ke yanka wuya. Ranar Juma'ar da ta wuce, a bayan kantin Wilfred inda masu tara kyamara ke zaman shayi, Desmond ya faɗi cinikin, sai Ambrose ya buga sanda a ƙasa ya ce, a gaban kowa, gara ɓarawo ya ɗauke ta da a sayar wa wanda zai binne ta a akwatin banki. Ga shi kuma safiyar Lahadin nan ba coci ya je ba, kamun kaguwa ya tafi shi kaɗai.

"Suruki," in ji Desmond, "addu'arka ta karɓu da wuri."

Wannan bai dame shi ba, don ya daɗe da raina Desmond. Abin da ya soke shi Loretta ce. Ta biyo shi har bakin shinge, ta rage murya.

"Yaya, in kai ne, ka ajiye ta bayan tankin ruwa. Ba wanda zai ji daga bakina."

"Ni kike gaya wa haka, Loretta?"

"Na san yadda kake kallonta. Ko ni ba ka taɓa kallo haka ba. Har sai ta fito, kada ka zo cin abincin Lahadi. Ba zan iya da idon mutane ba."

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana nuna ɓarawo, yau shi ake nunawa, a gidan ƙanwarsa. Ya ce wa Saja ta ba shi dama ya duba ƙasa. Ta ce, "Duba, Kawu. Amma ka sani ni ma ina duba ka."

Mai bin sawu ba ya tsayawa inda aka tattake. Zagaye yake yi daga nesa, har ya yanko layin da ya shiga ko ya fita. An kwana ana ruwa daren Asabar, jar ƙasa ta yi laushi kamar ƙullu, duk abin da ke kanta na safiyar Lahadi ne. Ta bayan gida ya ga silifas ɗin Loretta zuwa igiyar shanya, ya ga na Yvonne, ƙanwar Desmond, wadda ke kawo musu biredi kowace safiya, ya ga karen maƙwabta. Waɗannan na gida ne, idonsa ya tsallake su. Sai ga baƙon sawu: takalmin birni mai santsin ƙasa, ya zo har gindin taga, ya yi ɗage a kan yatsu.

Ya sami mai takalmin a barandar masauƙinsa, yana fifita da jarida, fuskarsa ja kamar dafaffiyar kaguwa. Graham Pettigrew ke nan, dillalin Perth.

"Me ka je yi gindin tagar Desmond?"

"Wa ya ce na je?"

"Diddigen takalminka na dama ya ce. Ya cinye ta waje."

Pettigrew ya kalli takalminsa, ya yi dariyar yaƙe. "To, na je. So nake mu gama magana kafin wani ya zuga shi ya ƙara kuɗi. Na tarar ba kowa, na leƙa, na dawo. Haba dattijo, in saci abin da ba zan iya sayarwa ba? Duk mai irin kuɗin nan a duniya ya san lambarta."

Gaskiya ya faɗa, Ambrose ya riga ya sani, don sawun bai kai ƙofa ba. Amma ya zauna, don mai son abu ba ya ƙin jin hirarsa ko daga bakin maƙiyi.

"Ka riƙe ta?"

"Jiya, kusan awa guda." Ambrose ya kawar da kai. Shi rabin ƙarni yana jira, wannan jan Baturen daga saukowarsa daga jirgi an miƙa masa. "Lafiyarta ƙalau," in ji Pettigrew. "Ido garau, labulen cikinta ba huda. Gogewar fentin ma ƙara mata daraja ta yi, don ta nuna na asali ne. Amma ka san mutum biyu ne suka yi aiki da ita?"

"Mutum ɗaya ne."

"Biyu. Akwai gurbin babban yatsa a sama, akwai wani ƙarami a ƙasansa. Tagulla ba ta ƙarya. Na ɗauka kai ne, da aka ce kai yaronsa ne."

"Kai dai ka san kuɗi, ba ka san Tsoho Morita ba," in ji Ambrose, ya miƙe. "Mutumin da ko inuwarsa bai yarda ta taɓa ta ba."

Daga nan sai kantin Wilfred. Ya tarar da shi a baya, gilashi a ido ɗaya, yana tsintar hanjin wata kyamara.

"A'a, ga ɓarawonmu! Ka zo sayarwa ne? Ina biya da sardin."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Kai ka fara cewa namu ne, ka san inda ido zai faɗa."

"To ƙarya na yi? Mu nawa ne a garin nan da za mu tuna da laima muna tsakiyar sata? Ni, da kai, da jan Baturen can. Desmond ba ya cikin lissafi, shi ko murfi bai san cirewa ba."

"Kai fa? Na sha ganin yawunka na zuba in ya fito da ita."

"Yana zuba mana! Sau nawa na roƙe shi ya kawo in share mata ciki kyauta, don kawai in ga yadda aka ƙera ta? Ya hana. Amma tun asuba ina bayan kanta, tambayi kowa. Ciniki ma babu. Yara masu alawa, sai Yvonne da ta sayi ƙaramin buhun shinkafa. Na ce mata, ke da likita ya hana ki shinkafa saboda sukari? Ta ce in ji da kantina."

Ambrose bai ko saurari wannan ba. Hankalinsa na kan ƙafafun Wilfred, kumburarru cikin bandeji, waɗanda ko tsallaka kwata ba su iyawa. Ya fito ba tare da komai ba. A hanya matan da ke gaishe shi da Kawu suka shiga duba jakunkunansu. Wani yaro ya ɗaga hannu kamar mai ɗaukar hoto ya ce "ƙyas!", abokansa suka fashe da dariya.

Da la'asar ƙafarsa ta kai shi maƙabartar Japanawa. Ba bincike ya je ba, ƙorafi ya kai. Ya tsaya gaban dogon dutsen Tsoho Morita yana magana a ransa. Na ɗauki jakarka, na sha warin ruwan wankinka, ka ba wanda bai san gabanta da bayanta ba, yau ga shi ana ce mini ɓarawo a kanta. Wannan ne ladana?

Sabo ya sa idonsa ya sauka ƙasa. Silifas ɗin Yvonne ne ko'ina, ba abin mamaki ba, ita ke share kabarin tana canza furanni. Amma yau sawun bai tsaya inda mai shara ke tsayawa ba. Ya ja baya daga dutsen. Ya matso kaɗan. Ya sake ja baya, ya gusa gefe, inda ranar hantsi za ta kasance a bayan kafaɗa. A nan ƙafar dama ta kafu, ta nutse sosai, a gefenta kuma ga rami zagayayye.

Gwiwa ce. Gwiwar hagu, ita kaɗai.

Mai addu'a kusa yake zuwa, kuma gwiwa biyu yake sawa. Wannan tsayuwar Ambrose ya san ta kamar sunansa. Kyamarar da idonta ba ya jawo nesa, da ƙafa ake jawowa, gaba da baya, har abu ya cika taga. Sannan a sa gwiwar hagu a ƙasa, a kafa gwiwar hannu bisa cinyar dama, a ɗauke numfashi. Haka Tsoho Morita ke yi, wai a jirgin ruwa mai tangaɗi ya koya. Haka ya koya wa Ambrose da duka a ƙeya. Kuma duk tsawon shekarun nan Ambrose ya ɗauka duniya shi kaɗai aka koya wa.

Ya tuna ƙaramin yatsa a kan tagulla. Ya tuna shinkafa. Kafin a ƙirƙiro kabad mai lantarki, a gwangwanin biskit tsohon ke kwantar da ita, cikin ɗanyar shinkafa, don ta sha laimar.

Ya kamata ya yi murna, ga sunansa ya fito daga rami. Amma ba murna ya ji ba. Zama ya yi a kan dakalin wani kabari, ƙafar ƙarfen a miƙe, zuciyarsa na tafasa. Ashe ba hana kowa aka yi ba. Shi aka hana.

Bai so ya kunyata ta ba tare da ya buɗe mata ƙofa ba, don haka washegari da safe ya biya ta gidanta. Yvonne ba ta taɓa aure ba, ita ta yi jinyar uban har ya cika, kuma ba wanda ya taɓa ganinta da kyamara, ko ta waya. A kan igiya ga siket ɗinta na zuwa coci an wanke, amma jar ƙasarmu ba ta jin sabulu. Tabon na nan a gwiwar hagu.

"Yaya Ambrose, shigo ka sha shayi."

"A'a. Na zo ne in ji ko kina da abin da za ki gaya mini. Kin ji abin da ake kirana a gari."

Ta kalli bayan hannunta. "Mutane ai ba su rasa abin faɗa. Zai wuce."

"Jiya ba a gan ki cikin masu fitowa daga coci ba, in ji Loretta."

"Kaina ne ya yi ciwo."

Ya jira. Ta juya ga shanyarta. Wanda ya riƙe abin da ya daɗe yana so, ko wuta aka sa masa a hannu ba ya saki. Wannan Ambrose ya fi kowa sani.

"To shi ke nan," ya ce. "Ki zo gidan Desmond da yamma. Kowa zai zo."

Suka taru a tsakar gida gindin mangwaro: Desmond da Loretta, Wilfred a kan kujera ƙafafu bisa bokiti, Pettigrew da jaridarsa, Yvonne a gefe, Saja Maddern jingine da mota. Maƙwabta kuwa sun jeru a shinge kamar tsuntsaye. Ambrose ya zo da wata farar kyamara tasa a wuya, irin mai tagar leƙe. Ya tsinko furen da ya faɗo, ya ɗora a kan bulo.

"Wilfred ya ce ɓarawon namu ne, kuma gaskiyarsa. To kowa zai ɗauki hoton furen nan in gani. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya."

"Wasan yara za mu yi?" in ji Desmond. "Ka fito da kayana kawai!"

"Kai za ka fara, suruki, tunda kai ne mai tarin kyamara."

Desmond ya karɓa, ya kara a ido, ya sunkuya, ya danna da ƙarfi. Wilfred ya kece da dariya har bokitin ya kife.

"Murfin, Desmond! Murfin na kan ido! Wayyo cikina! Ɗan Morita guda!"

Haka irin waɗannan kyamarori suke. Tagar leƙe daban, ido daban, kana ganin duniya tar alhali fim na cikin duhu. Ba wanda ke yin wannan kuskuren sai sabon shiga.

Pettigrew ya karɓa, ya cire murfi, ya tsaya ƙyam ya karkato da ita, don kada wandonsa ya taɓa ƙasa. Wilfred daga kan kujera ya ɗauka, ya ce in ana son ya durƙusa sai a kawo masu ɗaga shi. Sai Ambrose ya juya ya miƙa wa Yvonne.

"Ita kuma me ta sani?" in ji Desmond. "Ko rediyo ba ta iya kunnawa ba."

"Ni ban iya ba, Yaya Ambrose."

"Ai ba komai. Riƙe kawai ki danna, a cika sharaɗi."

Ta karɓa da niyyar yin shirme, kowa ya ga haka a fuskarta. Amma jiki magayi. Hannun da ya saba ba ya iya ƙaryar rashin sani. Kafin ta ankara igiyar ta naɗe a wuyan hannunta, yatsanta ya murza ido, ƙafarta ta ja baya, ta matso, ta gusa don rana ta koma bayan kafaɗa. Gwiwar hagu ta sauka ƙasa. Gwiwar hannu ta hau cinya. Numfashinta ya tsaya.

Ba ta danna ba. A durƙushe ta gane abin da ta yi.

"Saja," in ji Ambrose, "irin wannan ramin yana gaban kabarin Tsoho Morita, an yi shi jiya da hantsi, bayan ruwa. Mutum biyu ne a garin nan ke ɗaukar hoto haka. Ɗayan ga ƙafarsa." Ya ƙwanƙwasa gwiwarsa da sanda. "Wannan rabonta da taɓa ƙasa tun kina makaranta. Ki je ɗakin girkin Yvonne, ki nemi gwangwanin biskit."

"Ba sai ta je ba," in ji Yvonne. Ta miƙe, ta kaɗe gwiwarta, ta buɗe jakar da ke kafaɗarta. Ashe da gwangwanin ta zo. Ta ɗaga murfi, ta ture shinkafa, ta zaro ƙunshin tawul.

Ga ta nan, baƙa wuluk, tagulla na ƙyalli a gefenta.

"Ke?" in ji Desmond. "Ke, 'yar uwata? Kin sace ni?"

"Na sace ka? Ina da shekara tara Baba ya fara sa mini ita a hannu, kai kana can kana ƙwallo. Da idonsa ya mutu, wa kake tsammani ke ɗaukar hotunan da yake sa wa hannu? Bikin aurenka ma ni na ɗauka, daga bayan kafaɗarsa, yana tsaye yana karɓar yabo. Ya ce kada in faɗa, wai masu jirage ba za su biya kuɗin hoton mace ba. Na yi shiru. Ya mutu aka miƙa maka don kai ne namiji, na yi shiru. Kullum in kawo biredi in gan ta a kulle kamar gawa, na yi shiru. Sai na ji za ta bar ƙasar. Na ce bari in ɗauki kabarinsa da ita sau ɗaya, in mayar kafin ku taso daga coci." Ta rungume kyamarar a ƙirji. "Da ta shiga hannuna sai na kasa."

"Ni kuma fa?" in ji Ambrose. "Kina ji ana jifana."

Ta dube shi ido cikin ido. "Ka yafe mini, Yaya. Amma kai gari duka ya san kai ne yaron Morita. Kana tafe ana nuna ka da shi. Ni da na fi ka sanin hannunsa, mai kawo biredi ce. Da na ji ana zarginka, wallahi har wani abu na ji. Na ce ko satar ma, shi aka ga ya isa ya yi."

Ba wanda ya yi dariya. Ashe shekara da shekaru kowannensu na ƙyashin abin da ke hannun ɗayan, shi yana ƙyashin kyamara, ita tana ƙyashin suna.

Pettigrew ya yi gyaran murya. "To, tunda ta fito lafiya, maganarmu na nan, Malam Desmond. Har ma in ƙara, in za a rubuta mini labarin nan in haɗa da ita."

Saja Maddern ta ce, "Kai ne mai kaya. Kana ƙara ko ba ka yi?"

Desmond ya kalli shingen da ya cika da ido. Ya kalli ƙanwarsa. Mutum ne mai son kuɗi, amma ya fi tsoron a ce ya ɗaure 'yar uwarsa, kuma dariyar murfin nan ba ta bar kunnensa ba. Loretta ta ce masa a hankali, "Hoton aurenmu da ke bango, kai kake cewa ba a taɓa yin irinsa ba."

"Ba na ƙara," ya ce. "Ba na kuma sayarwa. Ta riƙe. Amma a rubuce tawa ce, kowa ya ji!"

"Mun ji, mai murfi," in ji Wilfred.

Loretta ta zo gaban yayanta, ta kasa ɗaga kai. "Yaya, na yi maka laifi. Ran Lahadi akwai kifi da shinkafa."

"Shinkafar cikin gwangwani?" Bai yi murmushi ba, amma ta san ya haƙura.

Sunansa ya dawo, masu shinge suka fara kiran Kawu, Kawu, kamar ba su ba. Amma ku ji abin da hassada ke yi wa mai ita. Da kyamarar na hannun Desmond, Ambrose na da abin rarrashin zuciya, yana cewa tana hannun wawa, ni na cancanta. Yanzu da ƙafarsa da idonsa ya bi sawu ya kai ta hannun wadda ta fi shi cancanta, ba kuma abin da zai ce. Hassada ga mai rabo taki ce, shi kuwa da kansa ya yi dakon takin.

Ya juya zai tafi, Yvonne ta kira shi.

"Yaya Ambrose. Saura fim a ciki. Ni ba ni da hoto ko ɗaya da ɗan'uwana, kullum ina bayan kyamara. Ka ɗauke mu."

Ta miƙo masa. Ya jingine sandarsa a mangwaro, ya goge tafinsa a riga sau biyu, ya karɓa. Ta fi yadda ya zata nauyi. Babban yatsansa ya nemi gurbin tsohon a kan tagulla, ya zauna daidai, ƙaramin gurbin kuwa na nan a ƙasansa, ba ya gogewa. Ya kara a ido. Ga Desmond biyu, ga Yvonne biyu, suna tsaye kafaɗa ba ta taɓa kafaɗa. Ya murza a hankali, a hankali, yana jan lokaci, don ya san da ya danna zai mayar. Suka haɗe. Ya ɗauke numfashi.

"Yaya," in ji Yvonne.

"Kada ki motsa."

"Yaya Ambrose. Murfin."